Fararen Furanni a Ƙofar Baba Namsrai

Litinin 13 ga Oktoba, bayan na tashi daga aiki

Itatuwan ginko na bakin asibiti sun fara zubar da 'ya'ya, duk hanya wari. Na taka ɗaya na shiga da shi a takalmi. Sista Pyo, shugabar nas-nas ta hawa na tara, ta toshe hanci ta ce, "Delgermaa, yau kuma me kika kwaso mana?" Shekara goma sha huɗu ina Incheon ta ƙasar Koriya, har yau ban iya kauce musu ba.

An kawo sabon majinyaci daga gida. Baba Namsrai, likitan dabbobi daga wani lardi can kudu, da matarsa Inna Dulam. Ƙari ne a hanta, za a yi masa aiki ranar Juma'a. Ni ce bakinsu da kunnensu har su koma, kamar yadda nake yi wa duk wanda ya zo daga Mongoliya ba ya jin yaren Koriya.

Ko jaka bai ajiye ba ya ce, "'Yata, akwai yadda za a yi a ce ba na nan?"

Na ce akwai. Ana cire suna daga ƙofa, a rufe shi a kwamfuta, duk wanda ya tambaya a ce ba mu da mai wannan suna. Mawaƙa da manyan 'yan kasuwa ne suka fi neman haka. Na dubi takalminsa, ba irin nasu ba ne.

Shi ya ba ni dalili ban tambaya ba. Raƙuma da awaki sun yi ta mutuwa a bakin rijiyoyin da ke kusa da wani kamfanin haƙar ma'adinai. Shi ya farke cikinsu, shi ya ɗebi ruwan. Makiyaya sun kai ƙara, za a zauna tsakiyar watan gobe, kuma shi ne babban shaida.

"In suka ji ina da ciwo ba za su taɓa ni ba," in ji shi. "Ɗage zaman kawai za su yi ta yi, su bar hanta ta yi musu aikin."

Inna Dulam ta ce, "Ka zo ɓuya, amma tun daga ƙofa ka fara zuba."

"Ai wannan 'yar gida ce," ya ce.

Laraba 15, da rana

An kira layin teburinmu. Namiji ne, da yarenmu, murya mai laushi kamar ta ma'aikacin banki. Ya ce shi ƙanen Namsrai ne, yana neman ɗakin da yayansa yake. Na ce ba mu da mai wannan suna.

"To, ba komai," ya ce. "Ke ce Delgermaa ko? 'Yar Darkhan? Sannu da ƙoƙari."

Ya ajiye. Ni dai ban faɗa masa sunana ba, balle garinmu.

Na tambayi Inna Dulam a kaikaice. Baba ba shi da ƙane. 'Yan'uwansa mata ne duka.

Alhamis 16, da yamma

Baba ya ture kunun shinkafar asibiti, ya ce ko ɗan akuya mai gudawa ba zai ba wannan ba. Na yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Juma'a 17, da yamma

Sun shiga da shi da safe, an ce sai yamma za a fito. Ina tsakiyar cin abincin rana aka kira ni. Duk wanda ya daɗe a asibiti ya san abin da fitowa da wuri take nufi.

Inna Dulam ba ta sani ba. Ta tare ni da fara'a. "Kai, likitocin nan akwai sauri!"

Likita Yeom, wanda ya yi aikin, ya shigar da mu ƙaramin ɗakin nan mara taga. Ya yi magana, na juya mata. Sun buɗe, sun ga abin ya bazu inda hoto bai nuna ba, sun rufe. Ba su cire komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannuna da hannu biyu. "Kada ki gaya masa. Ke ce mai juya magana. Ki juya ta yadda zai iya ɗauka."

Na ce mata ba ni da ikon haka. Ta dube ni kamar ba yare ɗaya muke ji ba.

Asabar 18, da hantsi

Ba ranar aikina ba ce, amma Sista Pyo ta kira ta ce in zo.

Wani mai babur ɗin kai saƙo ya kawo kwandon furanni. Farare, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin makoki da ke ƙasan asibiti. Masu gadi sun nuna masa hanyar ƙasa, ya ce a'a, hawa na tara aka rubuta masa. Da lambar ɗakin. Da cikakken sunan Baba, har da sunan mahaifinsa. Babu sunan wanda ya aiko.

Sista Pyo ta tare shi a bakin lif, ta karɓe kwandon, ta tura shi bayan matakala. 

"Wane irin ɗan Adam ne ke aika wa mai rai wannan?" ta ce. "Mutanenku ne ko namu?"

Na ce a gida ba mu da al'adar farin fure. Wanda ya aiko ya san ƙasar nan, kuma ya san mu da ke aiki a nan ne za mu gane. Ba don Baba aka aiko ba.

Ba mu gaya wa Baba da Inna Dulam ba.

Litinin 20, bayan zagayen likita

Baba ya farfaɗo sosai. Likita Yeom ya duba ɗinki, ya ce yana kyau. Yana shirin fita Baba ya ɗaga yatsa.

"'Yata, tambaye shi nawa ya yanke."

Inna Dulam tana tsaye bayana. Na ji ta kama bayan rigata tana murɗawa.

Na tambaya. Likita ya jawo kujera ya zauna. Ya faɗi abin da ya faɗa ranar Juma'a, ya ƙara da abin da bai faɗa ba: watanni suka rage masa, kuma ba masu yawa ba. Yana magana yana kallon Baba, Baba kuwa bakina yake kallo.

Na juya duka. Ban rage ba, ban sassauta ba. Muryata ta fito kamar ta mai karanta labarai.

Baba ya ce, "Dama na sani. Na shafa cikina, komai yana inda na bar shi. Shekara arba'in ina sa hannu a cikin dabba, zan kasa gane nawa?" Ya waiga. "Dulam, saki rigar yarinyar nan, za ki yaga mata."

Ta saki. Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba.

Talata 21, da rana

An mayar da Baba wani ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da teburin nas-nas. Shugaban masu gadi ya duba kyamara: mai babur ne kawai, an ba shi aiki ta waya, daga wajen ƙasa aka biya. 'Yan sanda biyu sun zo, masu ladabi. Ɗaya ya ce aika fure ba laifi ba ne. Ya ba ni katinsa ya ce in wani abu ya faru in kira.

In ya faru.

Waɗanda suka san lambar tsohon ɗakin: nas-nas, masu kawo abinci, ofishinmu, dillalin da ya shirya musu tafiya, direbansa, matar da ke shara. Da ni. A ɗakin cin abinci na zauna ina kallon hannun kowa da wayarsa.

Laraba 22, da safe

An kwashe furannin tun Asabar, amma har yau ina jin ƙanshinsu a matakala.

Alhamis 23, da yamma

Mama ta kira daga Darkhan, ba ranar kiranta ba.

"Wasu yara biyu sun zo gaishe ni," in ji ta. "Masu tsabta, sai ƙanshin turare. Sun kawo cinyar tunkiya guda. Wai abokan aikinki ne."

Na zauna a gefen gado. Na ce me suka ce.

"Wai kina da kirki, kina taimakon mutanenmu a can. Sun tambayi ko ni kaɗai nake kwana. Na ce a'a, da aljanu uku nake kwana. Ɗaya ya yi dariya, ɗaya bai yi ba. Delger, me kika taɓo?"

Na ce ban taɓo komai ba, aiki ne. Na roƙe ta ta koma wurin yayana Gombo a ƙauye, ko na wata ɗaya.

"Ni zan bar gidana saboda yara masu turare? Naman ma karnukan maƙwabta na ba. Sun ci, ba su mutu ba, na yi asarar cinya."

Na kira Yaya Gombo. Ya ce zai shigo gari ya kwana wurinta. Bai tambaye ni dalili ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Juma'a 24, da rana

Wani mutum yana zaune a zauren ƙasa, a kujerun da ke fuskantar lif. Na riga na wuce shi sau biyu a makon nan ban kula ba. Bai fi shekara talatin da biyar ba, da doguwar kwat mai ruwan toka. Ya miƙe da kofin kofi biyu a hannu.

"Yaya Delgermaa. Babu sukari, ko?"

Muryar nan ce ta waya, mai neman yayansa. Ban karɓa ba.

"Ba takarda nake nema ba, Yaya. Na san dokar ƙasar nan, ba zan jefa ki cikin matsala ba. Kalma ɗaya ce, ke da ni, babu wanda ya ji. Dattijon zai ga sabuwar shekara?"

Na ce ba mu da mai wannan suna.

"Ai ban faɗi suna ba." Ya yi murmushi. "Mama tana da ƙarfi, an ce. Hawa huɗu babu lif, a shekarunta. Matakalar ma ba fitila. Ya kamata a gyara mata."

Mutane suna ta wucewa, wata tana tura mahaifinta a keken marasa lafiya, wani yaro yana kukan alewa. Babu wanda ke jin yarenmu. Da ihu na yi ma, sai in juya musu shi kafin su gane.

Na je wurin masu gadi. Sun yi masa magana, ya nuna musu katin ganin likitan haƙori. Yana da ikon zama.

Asabar 25, da rana

Ban fita ba. Na kira Mama sau huɗu, har ta ce in na sake kira za ta jefa wayar a tukunya.

Lahadi 26, da yamma

Kalma ɗaya ce. Na kama kaina ina gwada faɗinta a gaban madubi, in ji yadda take fita. Tana fita da sauƙi.

Litinin 27, da yamma

Na gaya wa Baba komai: kiran waya, furanni, Mama, mai kwat. Na ga bai dace a ci gaba da ɓoye wa mutum abin da ke zagaye da gadonsa ba. Inna Dulam tana zaune tana haɗa masa shayin madara da gishiri a ɓoye, duk da an hana.

Ya daɗe yana kallon silin. Idanunsa sun fara yin rawaya.

"Abin da suke so su sani ke nan? To sai mu gaya musu."

Na ce in ya ba ni izini zan iya sauka in ce wa mutumin an yi aiki lafiya, ya warke.

"A'a. Bakinki na aiki ne. Ranar nan kin faɗa mini gaskiya matata tana yagar rigarki. Gobe wani zai kwanta a nan ya dogara da wannan bakin, ba zan ɓata shi ba. Ƙafafuna za su yi ƙaryar. Yana zama a ƙasa, ko? To zan wuce ta gabansa da ƙafata. Wanda ya ga na warke ba shi da dalilin ɗage zama, sai ya so a yi a gama. Kuma babu sauran abin da zai nema wurin mahaifiyarki."

Na ce ko banɗaki ba ya kaiwa sai an riƙe shi.

"Yau Litinin ce," ya ce. "Akwai lokaci."

Inna Dulam ta ajiye cokali. "Ka zo nan don ka rayu."

"Na zo, ba a samu ba. Sauran abin da ya rage kada mu bar shi a ƙasar mutane."

Ta fita baranda. Na bi ta. Ta tsaya a gaban taga tana kallon wurin ajiye motoci, can ta ce, ba tare da ta waigo ba, "Ki samo mini reza. Gemun nan nasa yana ƙara masa shekara goma."

Talata 28, bayan zagayen likita

Likita Yeom ya so a fara masa maganin da ake ƙarawa ta jijiya, ya ce zai iya ƙara masa lokaci. Baba ya tambaya ko zai iya tsayuwa a kotu yana shan sa. Likita ya ce da wuya. Baba ya ce to a bar shi, a sallame shi Alhamis, a kuma ba shi abin da zai riƙe shi daga lif zuwa bakin titi.

"Ki gaya masa ni likita ne, ba mai shirya wasan kwaikwayo ba," in ji Likita Yeom.

Na gaya masa.

"Ki gaya masa ni ma likita ne, sai dai majinyatana ba sa sa ni dogon bayani."

Na gaya masa. Likita ya cire tabarau ya murza ido. Ya sa na maimaita wa Baba haɗarin tafiyar ɗaya bayan ɗaya, har da jirgi, Baba yana gyaɗa kai. Sannan ya juya wurin Sista Pyo ya faɗi allurar da za a yi da lokacin da za a yi ta.

Laraba 29, da yamma

Baba ya yi gwajin tafiya a baranda. Ya kai rabi ya durƙusa. Sista Pyo ta ɗaga shi tana faɗa da yarenta, yana ba ta amsa da namu, babu wanda ya nemi in juya.

Mai kwat yana nan.

Alhamis 30, da yamma

Inna Dulam ta yi masa aski. Ta lakato jan-bakinta da yatsa ta murza masa a kumatu har ya bi fata. Ta sa masa doguwar rigarsa ta gida mai ruwan bula, ta ɗaura ɗamarar sama kaɗan don ta rufe jakar da ruwan ciki ke zuba. Baƙin tabarau saboda idanun. Sista Pyo ta yi allurar, ta raka mu da keke har cikin lif. Muna isa hawa na biyu ya miƙe, ta tura keken lungu ta tsaya a gabansa.

Ƙofa ta buɗe.

Ban taɓa sanin zauren nan yana da faɗi haka ba. Ya saƙala hannunsa a nawa kamar dattijon da ke wasa da 'yarsa. Duk nauyinsa a kaina yake. Yana magana da ƙarfi, yana ba ni labarin wani raƙumi da ya taɓa cizon gwamnan lardi a gindi, yana dariya, yatsunsa suna nutsewa a damtsena.

A gaban shagon burodi ya tsaya. Na ce a hankali, "Baba, mu tafi." Ya sayi burodi mai wake a ciki, ya gatsa, ya tauna. Mutumin da ya yi kwanaki ba abin da ke zama a cikinsa.

Mai kwat ya miƙe, wayarsa a daidai ƙirji, tana kallonmu. Baba ya nufe shi kai tsaye.

"Yaro, kai ne ƙanen nawa? Ka yi zaman banza. Ka gai da mutanenka, ka ce su zo da wuri, ba na son jira." Ya miƙa masa ragowar burodin. "Riƙe, ka rame."

Ya karɓa. Ina jin bai san ya karɓa ba.

Muka fita. Tasi tana jira. Sai da muka sha kwana ya cire tabarau, ya yi amai a ledar da Inna Dulam ta riga ta buɗe. Ta goge masa baki, jan-bakin ya biyo hankici. Muka isa filin jirgi. A can an kawo keke, bai yi gardama ba.

Inna Dulam ta shinshini goshina kamar yadda iyaye ke yi a ƙasarmu. Ta ce, "Na ji haushinki." Na ce na sani. Ta ce, "Har yanzu ina ji, amma kaɗan."

Juma'a 31, da safe

Shatin yatsu huɗu a damtsena, sun yi baƙi. Wata tsohuwa ce zaune a kujerar da ke fuskantar lif.

Laraba 5 ga Nuwamba, da rana

Mama ta kori Yaya Gombo, wai munsharinsa ya fi yaran turare tayar da hankali. Babu wanda ya sake zuwa.

Ofis sun ce sun bincika, ba su gano ta inda lambar ɗakin ta fita ba. An canza wa kowa lambar sirrin kwamfuta. Dillalin ya kawo sababbin majinyata uku jiya, ya ba ni kwalin lemo, na gode masa. Har yanzu ina kallon hannun mutane.

Talata 18, da yamma

Ba a ɗage zaman kotu ba. Yau suka zauna. Iyakar abin da na sani ke nan.

Laraba 3 ga Disamba, da yamma

Dusar ƙanƙara ta farko. Saƙon murya daga Inna Dulam, dogo. Ta ce in kunna wa likita da Sista, nasu ne su ma.

Na same su a teburin nas-nas bayan zagaye. Na kunna, ina tsayarwa ina juyawa. Ta ce ya tsaya a kotu da ƙafarsa. Alƙali ya ce a ba shi kujera, ya ƙi. Ya yi magana tun safe har rana, rijiya bayan rijiya, lauyoyin kamfani sun yi ta juya shi bai zame ba. Ba a yanke hukunci ba tukuna, amma abin da ya faɗa ya shiga, babu mai cire shi. Daga kotu aka wuce da shi gida a kwance a bayan mota. Makiyaya sun yi ta zuwa har ɗaki ya kasa ɗauka. Ranar Lahadi da safe ya cika. Ta ce a gode wa likita, allurarsa ta kai har bakin titi. Ta ce a gaya wa Sista ya ce bai gane zagin da ta yi masa ba, amma ya ji daɗinsa.

Sista Pyo ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Saƙon bai ƙare ba. Na sake dannawa, ya ci gaba, ni kuma na daina juyawa. Likita Yeom ya jira, sannan ya ce, "Nan kuma me take cewa?"

Na ce masa nan ba magana ba ce, kuka ne.

Na kai yatsa zan kashe, ya ce in bari. Muka tsaya mu uku a bakin teburin, ana ta kiran Sista a wani ɗaki, har sai da Inna Dulam ta gama.